Kocina ya ce in ajiye karatu in bi gudu, kuma kada gida su sani

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a, shekaruna 19, a Kaduna muke. Tun ina sakandare nake tseren mita 100 da mita 200, kuma a gasar makarantu ba a taɓa wuce ni ba. Yanzu akwai kocin da ke horar da ni. Ya ɗauki lokacina da agogonsa ya ce na yi sakan 11.6, wai da ɗan gyara kaɗan zan tsaya layi ɗaya da matan da nake gani a talabijin a gasar duniya. Yana so in ajiye karatu in bi shi sansani, daga can akwai wani mutum da zai fitar da ni wata ƙasar Larabawa in yi musu gudu. Ya fara yi mini wata allura da ya ce bitamin ce, sau biyu ke nan. Ya ce kada in faɗa a gida tukuna sai abu ya tabbata. Mama ta san ina zuwa fili, Baba kuwa lesin yake zaton ina zuwa, domin ya taɓa cewa 'ya mace ba ta gudu da gajeren wando a gaban maza. Anti, ina son gudun nan har cikin raina, kuma ina tsoron in yi wasa da damata. Kocin ya ce nan da ƙarshen wata in ba shi amsa tare da fasfona. Me zan yi?

'Yarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yata. Zancen makaranta kika tambaya, za mu zo kansa, amma allurar nan ce ta fi tayar mini da hankali. Daga yau kada ki sake bari ya yi miki. Ki ce masa ya nuna miki kwalbar, ki ɗauki hotonta gaba da baya, ki kai wa likita a asibitin makarantarku, ki gaya masa ranakun da aka yi miki. Yarinya mai lafiya da ke cin wake da ƙwai da ganye ba ta buƙatar allurar bitamin. In ma akwai ƙarancin jini, gwaji ne ke nunawa, likita ne ke rubuta magani, kuma ma'aikacin jinya ne ke yin allurar, ba koci a bayan fili ba. In ya ce kwalbar ba ta da takarda, ko ya ce ya yar, ko ya hau faɗa don kin tambaya, to kin ji amsarki.

Dokar wasanni a kan wannan ba ta da sassauci ko kaɗan. Duk abin da aka samu a fitsarinki ko jininki, ke za a kama, ko kin san da shi ko ba ki sani ba. "Koci ne ya ba ni" na iya rage tsawon hukunci a wasu lokuta, amma ba ya wanke mutum. Shelly-Ann Fraser-Pryce ta Jamaika, wadda ta riga ta ci zinaren mita 100 a Olamfik na Bejin a 2008 da gasar duniya ta Balin a 2009, ciwon haƙori ya dame ta a 2010 tana shirin tsere a Shanghai, kocinta ya ba ta maganin rage zogi, ba ta rubuta shi a takardar gwaji ba. Maganin ba ya ƙara gudu, amma yana cikin jerin da aka hana. Wata shida aka dakatar da ita. A shekarar dai, tamu Oludamola Osayomi ta karɓi zinaren mita 100 a gasar ƙasashen rainon Ingila a Delhi, kwanaki kaɗan aka ƙwace saboda wani sinadarin ƙara kuzari da aka samu a jikinta. Waɗannan su ne masu sauƙi.

Mai nauyin shi ne na tamu Blessing Okagbare. Ki tuna wace ce ita: ta ci lambobi biyu a gasar duniya ta Mosko a 2013, azurfa a dogon tsalle, tagulla a mita 200. Ta yi mita 100 a sakan 10.79, wanda a lokacin babu macen Afirka da ta kai shi. Ta haɗa zinaren mita 100 da na 200 a gasar ƙasashen rainon Ingila a Glasgow a 2014. A Olamfik na Tokyo a 2021 ta ci tserenta na share fage, washegari da safe, ranar da za ta yi na kusa da ƙarshe, aka sanar an dakatar da ita saboda sinadarin girman jiki da aka gano a jininta. Shekara goma aka yanke mata, daga baya aka ƙara ɗaya. Ga 'yar tsere wannan yana nufin an gama. Kuma ba mutum ɗaya abin yake ci ba. A gasar ƙasashen rainon Ingila a Birmingham a 2022 matan Najeriya huɗu suka ci zinaren tseren miƙa sanda, aka yi ta murna, sai gwajin ɗaya daga cikinsu, Grace Nwokocha, ya fito da matsala. Aka karɓe zinaren daga hannun dukansu, har da Tobi Amusan da Favour Ofili da Rosemary Chukwuma waɗanda ba a same su da komai ba. Gani ga wane, in ji masu magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Kada wani ya ce miki abin zai fita daga jiki kafin ranar gasa. Ana zuwa gwaji ba tare da sanarwa ba, kuma ana ajiye samfurin manyan gasanni har shekara goma a sake dubawa da sababbin na'urori. Mu ma mun taɓa cin riba da wannan: matanmu na tseren miƙa sanda sun zo na uku a Bejin a 2008, sai a 2016 aka sake gwada samfurin wata 'yar Rasha aka kama ta, aka ƙwace zinarensu, tagullar Najeriya ta koma azurfa bayan shekara takwas.

Ki bar ma zancen hukunci, ki dubi jikinki. Irin alluran da ake yi wa 'yan mata a ɓoye da sunan ƙarin ƙarfi galibi dangin sinadarin namiji ne. Suna kaurara murya, su fito da gashi a haɓa, su rikita al'ada, su taɓa hanta. Muryar da ta kaurara sau da yawa ba ta komawa ko an daina. Ban ce abin da ya yi miki ke nan ba, likita ne zai duba, amma kin ga dalilin da ya sa na ƙi fara magana da makaranta. Sannan daga yanzu ki yi hattara da kemis. Tiramadol ya shiga jerin abubuwan da aka hana lokacin gasa tun farkon 2024. Allurar deksametazon da ake yi wa mutane barkatai don ciwon jiki ita ma an hana ta lokacin gasa. Wasu magungunan mura suna da sinadarin da in ya wuce ƙima a fitsari ya zama laifi. Haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda babu suna, da jiƙe-jiƙen ƙarin ƙarfi na kwalba, ba naki ba ne in har da gaske kike gudun nan.

To, sai lokacin da ya ɗauka miki. Sakan 11.6 da agogon hannu ba 11.6 ba ne a wurin masu gasa. Mai riƙe da agogo sai ya ga hayaƙin bindigar fara tsere ko ya ji ƙararta kafin yatsansa ya danna, kuma yakan yi saurin tsayarwa a ƙarshe. Shi ya sa a gajeren tsere aka saba ƙara sakan 0.24 a kan lokacin hannu kafin a kwatanta shi da na na'ura. Naki ya koma wajen 11.84 ke nan, in ma mun ɗauka filin mita 100 ne cif, kuma babu iska a bayanki. Iskar ma aunata ake yi: in ta wuce mita 2 a sakan, ba a karɓar lokacin a matsayin tarihi ko cancanta. Amusan ta yi 12.06 a tseren ƙarshe na tsallake shinge a gasar duniya ta Eugene, Amurka, a 2022, ta ci zinare, amma ba a rubuta shi tarihin duniya ba saboda iska, sai 12.12 da ta yi a zagayen da ya gabata.

Yanzu ki ajiye 11.84 kusa da abin da ake nema. Lokacin cancanta kai tsaye na mita 100 na mata a Olamfik na Faris a 2024 da gasar duniya ta Tokyo a 2025 shi ne 11.07, na mita 200 kuma 22.57. Wadda ta yi 11.07 za ta taka layi kina baya da kusan mita bakwai. Ita kuma wannan ba ta da tabbacin kaiwa tseren ƙarshe, domin Julien Alfred ta ci Faris da 10.72, Melissa Jefferson-Wooden ta Amurka ta ci Tokyo da 10.61. A can sama, kashi ɗaya cikin ɗari na sakan shi ke raba zinare da azurfa. Marie-Josée Ta Lou ta Kwaddibuwa ta yi 10.86 a gasar duniya ta Landan a 2017, Tori Bowie ta yi 10.85 ta hanyar jefa ƙirjinta gaba har ta faɗi ƙasa, zinare ya tafi Amurka. Don haka mutumin da ya ce miki tazarar kusan sakan ɗaya "ɗan gyara kaɗan" ce, ko dai bai san gudu ba, ko kuwa ya sani sarai, kuma gyaran da yake nufi shi ne wanda ke cikin sirinji.

Ba don in kashe miki gwiwa na kawo lissafin nan ba. Yarinya 'yar 19 da ta yi ƙasa da sakan 12 ba tare da ingantaccen horo ba, watakila ma ba ta taɓa ɗaga ƙarfe a tsare ba, ba ta ƙware da tashi daga matakin farawa ba, tana da baiwa ta gaske. Wannan na yarda da shi. Abin da ya rage a gani shi ne nawa za ta iya ragewa a shekara uku ko huɗu na aiki mai tsabta, kuma ba a sanin wannan sai an yi. Hanyar tabbatarwa a buɗe take, ba ta buƙatar fasfo: ki je ofishin wasanni na jami'arku ki shiga ƙungiyar makaranta don gasar jami'o'i ta NUGA, ki yi rajista da hukumar wasanni ta jiha don Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda Kaduna kanta ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009, ki nemi shiga gasannin da hukumar tsere ta ƙasa, AFN, take shiryawa, inda ake amfani da agogon na'ura da ma'aunin iska. Lokacin da aka yi a irin wannan gasa yana iya shiga kundin hukumar tsere ta duniya, kowa ya gan shi a intanet. Duk wani mai neman 'yan wasa na gaskiya can yake dubawa. Babu ƙasar da za ta kashe kuɗinta a kan yarinyar da ba ta da lokaci ko ɗaya a rubuce, sai dai in ba gudunta ake so ba.

Karatu kuwa, abin da ya ba ni mamaki shi ne kocin naki ya ce ki ajiye abin da kusan duk manyan matan tseren Najeriya suka bi ta cikinsa suka fita. Mary Onyali, mai tagullar mita 200 a Olamfik na Atlanta a 1996, ta jami'ar Texas Southern ta bi. Falilat Ogunkoya, mai tagullar mita 400 a gasar dai, ta jami'ar jihar Mississippi. Okagbare da Amusan duk ta jami'ar Texas da ke El Paso. Ofili ta jami'ar jihar Louisiana, Chukwuma ta Texas Tech. Julien Alfred ɗin da na ambata, 'yar tsibirin Saint Lucia wanda mutanensa ba su kai dubu ɗari biyu ba, ta bar gida tana 'yar 14 zuwa makarantar sakandare a Jamaika, daga nan jami'ar Texas, sannan ta kawo wa ƙasarta lambar Olamfik ta farko a tarihi. Waɗannan jami'o'in suna ba da gurbin karatu da wurin kwana da abinci da koci da likita, amma abu biyu suke tambaya: lokacin na'ura da takardun makaranta. Za su nemi sakamakonki na WAEC da makinki na jami'a, kuma ko kin je, in maki ya faɗi za a zaunar da ke a benci. Sa hannu a takardar dillalin 'yan wasa ko karɓar kuɗinsa yana iya ɓata miki wannan dama tun kafin ki nema. Wato shawarar da ya ba ki ita ce take rufe babbar ƙofar, ba zamanki a aji ba.

Ki kuma san yadda kuɗin yake, don talabijin ba ya nuna wannan. A gasar duniya mai zinare tana samun dala 70,000, ana raguwa har zuwa ta takwas mai dala 5,000. Daga nan babu. Gasar kuma sai bayan shekara biyu-biyu. Wadda ta fi duk matan ƙasarta gudu, ta kai zagayen kusa da ƙarshe, tana iya komawa gida hannu rabbana in ba ta da kamfanin takalmi da ke biyanta. Tsokar bayan cinya guda in ta yage, shekarar ta tafi. Masu digiri a hannu su ne ke iya jure irin wannan su dawo.

Wa'adin ƙarshen wata da ya ba ki shi ma bai da tushe. Gudun mata ba ya ƙarewa a shekara ashirin. Ta Lou tana da shekara 33 ta yi 10.72 a Monako a 2022, tarihin Afirka. Fraser-Pryce ta haihu a 2017, ta dawo ta ci gasar duniya a Doha a 2019, ta sake ci a Eugene a 2022 tana da shekara 35, karo na biyar ke nan a mita 100, kuma tana da digirinta tun 2012. Shekara biyu ko uku da suka rage miki a jami'a ba za su cinye miki ƙafa ba in kina horo a cikinsu. Mai gaggawar a nan shi ne kocin, kuma ya kamata ki tambayi kanki me ya sa.

Zancen ƙasar Larabawa yana da kamar gaskiya, shi ya sa yake shiga kunne. Salwa Eid Naser, wadda ta ci mita 400 a gasar duniya ta Doha a 2019 da sakan 48.14, a Anambra aka haife ta, ta koma yi wa Baharain gudu tana yarinya. Kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da ke sa 'yan wasanmu su ji kamar su tafi. A Tokyo a 2021 an hana 'yan tseren Najeriya goma shiga gasa, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu gwaje-gwaje uku da doka ta wajabta kafin gasar ba. Ofili tana cikinsu. Bayan shekara uku, a Faris, ta cancanci mita 100 amma ba a shigar da sunanta ba, sai mita 200 ta yi, ta zo ta shida a tseren ƙarshe. Wannan sakaci ne mai ciwo, kuma duk wanda ya ce miki babu shi bai faɗi gaskiya ba. Amma tun daga 2018 hukumar tsere ta duniya ta tsaurara ƙa'idar sauya ƙasa, bayan ta dakatar da abin gaba ɗaya a 2017 saboda yadda ake cinikin matasan Afirka. Ba a sauyawa kafin shekara 20, akwai jiran shekara uku, dole ƙasar ta ba mutum cikakkiyar takardar zama ɗan ƙasa, kuma kwamiti ne ke duba takardun, hukuma da hukuma. Shekarunki 19. Babu wani "mutum" da zai ɗauke ki a ƙarshen wata ya sa miki rigar wata ƙasa. Abin da ke iya faruwa a ƙarshen wata shi ne fasfonki ya shiga aljihun wani, kuma mun ji labarin 'yan matan da aka fitar da alkawarin aiki ko karatu suka tsinci kansu a aikatau, babu fasfo babu hanyar dawowa. Kada ki ba shi fasfon, ko hotonsa. In ya matsa, hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, don irin wannan aka kafa ta.

Sauran Baba. Na san nan ne ya fi miki nauyi, kuma zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba: tsoron da mahaifinki yake yi ba shirme ba ne. Shi gajeren wando ya ambata, amma abin da ke ƙarƙashin maganar shi ne kada 'yarsa ta faɗa hannun namijin da zai raba ta da gida, ya juya ta yadda yake so. Ga shi kuwa wani yana yi miki allura, yana neman fasfonki, yana cewa ki yi shiru. Ɓoyon da kika yi don ki kare gudunki shi ne ya bar ki ke kaɗai a gabansa. Ya san Baba bai sani ba, don haka ya san ba ki da wurin kai ƙara.

Ko ta fuskar wasan ma, ba a yin gudun duniya a ɓoye. 'Yar tseren da ta kai wani matsayi dole ta riƙa sanar da masu gwaji inda take kwana, ta ware awa ɗaya kowace rana da za a same ta. Suna iya buga ƙofa da sassafe. Kuskure uku a cikin wata 12 laifi ne mai zaman kansa, kuma a kan wannan aka dakatar da Naser ɗin nan shekara biyu, ta rasa Olamfik na Tokyo. To wace ƙofa za su buga in ba ta gidanku ba?

Ki fara da Mama, yau, ki gaya mata komai har da allurar. Ita ma tana ɗauke da rabin sirrin nan, kuma ranar da ya fashe ita za a fara tuhuma, ki tausaya mata. Ku nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, kawunki ko gwaggonki ko wani amininsa, a zauna. Kada ki buɗe da zancen Olamfik. Ki buɗe da neman gafara a kan lesin ɗin da babu shi, ki bar shi ya yi faɗansa ya gama, don yana da haƙƙin yi. Ba lallai a gama a zama ɗaya ba. In ya huce, ki zo masa da sharuɗɗan da ke kika ɗora wa kanki tun kafin ya ɗora miki: karatu na nan, horo a filin makaranta da rana tsaka a ƙarƙashin ofishin wasanni, yayanki ko ƙaninki ya riƙa raka ki, ba tafiya gasa sai da malama mace a tawaga, kuma in makinki ya sauka ki dakata.

Sutura ita ce mafi sauƙin warwarewa, mutane ne ba su sani ba. Dokar tsere ta ce kaya su kasance masu tsabta, ba shara-shara ba ko sun jiƙe, kuma kada su hana alƙalai ganin abin da suke dubawa. Ba ta ce sai gajeren wando ba. Ruqaya Al-Ghasara ta Baharain ta ci zinaren mita 200 a gasar ƙasashen Asiya a Doha a 2006 kanta a rufe, hannu da ƙafa a rufe. Kariman Abuljadayel ta Saudiyya ta yi mita 100 a Olamfik na Riyo a 2016 a rufe ruf. Ki nemo hotunansu ki nuna masa, gani ya fi bayani. In ya ce ai wannan harkar mutanen nesa ce, ga Aminatou Seyni 'yar Dosso a Nijar, wadda ta zo ta huɗu a mita 200 a gasar duniya ta 2022, ta kuma ci zinaren Afirka a shekarar. Iyaye sukan sauko in sun ga abu a fili. Amusan da bakinta ta ba da labarin yadda mahaifinta ya taɓa ƙona mata kayan horo don yana so ta mai da hankali ga karatu. Ki lura dai, ita karatun ba ta bari ba.

Yana iya cewa a'a, kuma ya tsaya a kai. In haka ta faru kada ki gudu daga gida, kada ki koma ƙaryar lesin. Ki roƙi ƙaramin abu: gasa ɗaya ta makaranta, ya zo da kansa ko ya turo wanda ya yarda da shi ya gani. In ya ƙi wannan ma, ki bar maganar ta kwana biyu, ki ci gaba da motsa jikin da aka yarda da shi a makaranta, ki sake tayar da ita ta bakin manya bayan jarrabawa, da sakamako mai kyau a hannu. Wata shida na jira zai rage miki kaifi, amma ana dawo da shi.

Shi kuma kocin, ba sai kin jira ƙarshen wata ba. Ki tura masa saƙo a rubuce, gajere, ba zagi: ba za ki ajiye karatu ba, ba za ki ƙara karɓar allura ba, iyayenki sun san komai, kuma duk maganar da ta shafe ki ya zo gida ya yi ta da mahaifinki, ya taho da kwalbar da cikakken sunan mutumin da zai fitar da ke. Ki adana saƙon da amsarsa. Kada ki je ki same shi ke kaɗai don "a fahimci juna". A ra'ayina ko da ya zo gidan, wanda ya yi wa 'yar mutane allura a ɓoye bai cancanci ya ci gaba da horar da ke ba, ki nemi wani ta ofishin wasanni, ki tambayi 'yan matan da suka daɗe a hannunsa kafin ki amince.

Akwai abu ɗaya da ba ki rubuta ba, ni kuma dole in tambaya. In ya taɓa kai hannu jikinki da sunan tausa ta yadda ranki bai so ba, ko ya kira ki ɗakinsa, ko ya nemi hotunanki, ko yanzu ya fara barazanar zai tona wa Baba asirinki, wannan ba laifinki ba ne, kuma ba abin da za ki haɗiye ba ne don kunya. Ki gaya wa Mama a zaman nan na yau, ku kai maganar ga shugaban sashen kula da ɗalibai da kuma hukumar wasanni ta jiha a rubuce. Ba ke kaɗai yake horarwa ba, kuma akwai waɗanda ba su kai shekarunki ba a filin nan.